Rumbun Ayaba a Ma'adi

Sunana Hashimu. Manomin fadama ne ni daga ƙasar Haɗejia. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ƙasa da ruwa na sani. Hanyar da na bi ba zan faɗa ba. Wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba kada ya bi. Na dai iso Alƙahira da jaka ɗaya, da takalmi tsinkakke, da wuƙar dashe a aljihu.

Zangona na farko Darrasa, wata unguwa a cikin birnin. A wani lungu bayan babban masallaci na ji mutum yana waya da Hausa. Na tsaya a gabansa har ya gama. Malam Nura ne, ɗalibi daga Gusau. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Daga ina?"

"Daga hanya."

"Ka ci abinci?"

"Shekaranjiya."

Bai ƙara tambaya ba. Ya saya mini wake da burodi, ya kai ni ɗakinsu. Su biyar ne a ciki, littattafai sun fi su cin wuri. Na kwana a bakin ƙofa mako shida. Malam Nura ya koya mini kalmomi huɗu na mutanen garin: yalla, taho mu je, khalas, an gama, tamam, daidai, ma'alish, yi haƙuri. Ya ce, "Ta huɗun za ka fi ji." Gaskiya ya faɗa.

Zango na biyu Dokki. Can na haɗu da wani Bahaushe mai kwat da turare, Ɗanjuma. Ya ce yana da aikin lambu a gidan wani babba, amma sai an buga mini hatimi a fasfo. Ya karɓi fasfon, ya karɓi jakar wai kada ta dame ni, ya zaunar da ni wurin mai shayi. Na zauna tun hantsi har la'asar. Mai shayin ya ajiye mini kofi da gutsuren burodi, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ma'alish." Ban sake ganin Ɗanjuma ba. Wuƙata ce kawai ta tsira, don tana aljihu.

Na wanke motoci wata uku a wani gareji. Ban yi kuka ba. Amma duk ranar da na zuba ruwa a kan kwalta ya tafi a banza, sai in tuna kwamin albasata.

Zango na uku Ma'adi, kuma nan labarin yake. Malam Nura ne ya ji a masallacin Juma'a cewa wani gidan 'yan Najeriya yana neman mai lambu, da ɗakin kwana a bayan gida. Gidan yana can ƙarshen unguwa, inda iska ke saukowa daga duwatsun hamada. Mai gidan Oga Bitrus, ma'aikaci a ofishin jakadancinmu. Amma mai magana a gidan mahaifiyarsa ce, Mama Rifkatu, tsohuwa 'yar Kagoro, gajera, mai kaifin ido. Ba ta tambaye ni takarda ba. Ta ja ni bayan gida, ta nuna mini ayaba gindi uku a jikin katanga.

"Ka iya ayaba?"

"Na iya."

"Kowa haka yake cewa."

"Ni na iya, Mama."

Na gane irin tun daga ganye. Ta gida ce, mai manyan 'ya'ya, wadda ake soyawa ko a dafa, wadda wasu ke kira agada. Ba ta Masar ba ce.

Mama ta ce, "Mijina ne ya shuka. Baba Yohanna. Neman magani muka kawo shi. Wani ya kawo masa tsiron daga gida, ya dasa da hannunsa, yana riƙe da sanda. Ya ce ba zai koma gida ba sai ya ci. Ya koma a akwati." Ta gyara ɗankwali. "Aikin ɗana a nan zai ƙare ƙarshen zafi mai zuwa. Ina so in ga nononta kafin mu tafi. Aikinka ke nan. Furannin gaba ko sun mutu ban damu ba."

Na san abin da take nema. Ayaba sau ɗaya jikinta ke haihuwa. In jikin ya tsallake sanyi a tsaye, za ta fitar da nono da zafi. In ya faɗi, sai a jira ɗan tsiron gindi, shi kuwa sai ya haura shekara. Mama ba ta da shekara.

Na ce, "Za ku gani." Da ƙarfi na faɗa.

Sai sanyi ya shigo. Ban san akwai irinsa ba. Ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema. Mama ta gan ni ina alwala haƙorana na haɗuwa, ta shiga ciki ta fito da rigar sanyin Baba Yohanna. Hannun ya yi mini gajere. Ta ce, "Sa. Shi ba ya jin sanyi yanzu." Ranar ta yi tuwo da miyar kuka, ta aiko mini. Na ci na juya fuska bango.

Ayaba ta fara canza kama. Ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone, iska ta tsattsage shi. A garinmu sanyi da fari tare suke zuwa. In ka ga ganyen ayaba ya yi rawaya da rani, ƙishirwa ce, ba wani abu ba. Haka ubana ya koya mini, haka ubansa ya koya masa. Sai na ja tiyo. Safe ruwa, yamma ruwa. Na ga ni kaina sai da riga, sai na samo baƙar leda mai kauri na naɗe jikin kowace tam, na ɗaure da igiya.

Akwai mai gadin benen da ke maƙwabtaka da mu, Ammu Sayyid. Tsoho ne ɗan kudancin ƙasar, manomi kafin gwiwa ta ci amanarsa. Larabcina rabi baki ne rabi hannu, amma muna fahimtar juna. Ya leƙo ta kan katanga, ya ga ruwa kwance.

"Ya Hashim! Kifi kake kiwo?"

"Ayaba nake shayarwa."

"Kashe ruwan nan. Barci take yi. Kai in kana barci ana ɗura maka ruwa?"

Na ce, "Ammu, tun ina goye nake cikin ayaba. Kai tsare ƙofarka."

Ya ɗaga hannu biyu. "Tamam, ya babban likita."

Bayan mako uku aka yi abin da ban taɓa gani ba: ruwan sama a tsakiyar sanyi. Kwana biyu ana yayyafi. Da rana ta fito na zagaya bayan gida, hancina ya riga idona. Na kwance ledar ƙaramar. Ciki duk gumi ne. Na danna yatsa, ya shige kamar cikin dafaffen kabewa. Ta biyu ma haka, har gindi, baƙi ƙirin, da ɗoyi. Na kwance babbar. Ɓawon waje ya yi laushi, amma da na matsa, ciki da sauran ƙarfi.

Oga Bitrus ya same ni a tsaye. Mama ta tafi coci. Ya toshe hanci, ya duba, ya duba agogo.

"Saura kwana goma Kirsimeti, baƙi za su cika gidan nan. Shiga mota. Akwai masu sayar da shuke-shuke a bakin kogi. Mu sayo uku mu dasa kafin ta dawo."

"Za ta gane, Oga."

"Ayaba ai ayaba ce!"

"Ta nan gajera ce, 'ya'yanta kamar yatsa. Ko ba ta gane yau ba, za ta gane ranar da ta haihu. Kuma ba hannun Baba ne ya dasa ba."

"Kai ka kashe, kuma kai ne mai wa'azi? To tattara kayanka."

"Ba ni da kaya, Oga."

Ba mugun mutum ba ne. Tsoron hawayen uwarsa yake ji. Na zauna a bakin ƙofa har Mama ta dawo, ta canza zane, ta ɗauko tire tana tsintar shinkafa. Na tsuguna.

"Mama, na kashe biyu."

Hannunta ya tsaya. "Sanyi ne?"

"Ni ne. Ruwa na cika musu, na rufe su da leda."

"Kai ka ce ka iya."

"Ta gida na iya. Ta nan ban iya ba."

Ta ci gaba da tsintar shinkafar. "Saura wacce?"

"Babbar."

"Za ta rayu?"

"In kun bar ni da ita. In ta mutu, ba sai an kore ni ba, ni zan tafi."

Ta ɗaga murya ba ta ɗaga kai ba. "Bitrus! Bar shi."

Na haɗa shayi kofi biyu, na zagaya wurin Ammu Sayyid. Na miƙa masa ɗaya, na ce, "Na ji." Ya yi dariya har ya yi tari. Sai da ya more, sannan ya yi mini bayani, yana zane a ƙasa da tsinke. In ƙasa ta yi sanyi, saiwa ba ta sha. Ruwan da ka zuba yana nan kwance yana ruɓar da gindi. Leda kuwa tana tara gumi da rana, gumin ya huce ya zama ajali. Abu uku take so: ƙafa a bushe, jiki a rufe amma iska na ratsawa, kai kada ruwa ya shiga.

Na ajiye kofi. A bushe, a rufe, iska na ratsawa, da rufi a kai. Wannan ai rumbu ne. Haka muke ajiye gero ya shekara.

Ammu ya lissafa mini watannin manoman ƙasarsu da yatsa. "Tuba, sanyi. Amshir, iska, kuma maƙaryaci ne. Kada ka buɗe sai Baramhat. Ka ji, likita?"

"Na ji."

Washegari na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, har ƙarshen layi, na taka zuwa gonaki. A bakin wata magudanar ruwa na ga tsohuwar abokiyar gabata: kacala. Ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa a Haɗejia, wadda muke tsine wa kullum. Ga ta nan a Masar, doguwa, busasshiya. Na yi mata sallama kamar 'yar uwa, na sa wuƙa. Wani manomi ya taho da gudu da sanda, ya ɗauka ɓarawo ne. Da ya ga abin da nake yanka sai ya tsaya, ya ce in ƙara, in share masa duka in ina so. Na nuna masa tarin busasshen karan shinkafa a gefen gonarsa. Ya cika mini buhu biyu. Metro ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Wani mai a-kori-kura da ke kai kabeji gari ya ɗora ni a baya, ni da dammuna, har Ma'adi. Da na sauka na ce masa tamam, don ita ce kalmar kirki da na sani.

Na fara da ƙasa. Na tone matattun biyu har gindinsu na fitar, don kada ruɓa ta ratsa. Na kwashe taɓon da ke zagaye da babbar, na barbaɗa toka da na roƙo a gidan burodi, na cike da busasshen yashi. Na ɓare ruɓaɓɓen ɓawon har na kai mai ƙarfi, na bar ta ta sha rana yini biyu. Sannan na hau kujera da wuƙa zan sare ganye. Mama ta fito.

"Kai! Ka kashe biyu, ta ukun yanka ta za ka yi?"

"Ganyen ya riga ya mutu, Mama. Iska ce kawai ke kama shi tana jijjiga ta."

"Baba bai taɓa yanke mata ganye ba."

"Baba bai ga sanyin nan da ita ba."

Ta juya baya. Ta ce, "Yanka. Amma ba na kallo." Ta koma ciki.

Na kafa sanduna huɗu, na saƙa zana da kacala, na zagaye jikin da ita, na bar tazarar tafin hannu. Tazarar na cika da karan shinkafa, sakwa-sakwa, ban danna ba. A gindi na tara shi har gwiwa. Na yi tsaiko, na baibaye jinka mai tsini, na kifa a kai. Tun barina gida hannuna bai yi aikin da ya sani haka ba. Tiyo kuwa na naɗe shi na rataye. Sai na tura yatsa cikin ƙasa na ji ta bushe sarai, sannan in ba ta rabin bokiti, da tsakar rana, nesa da gindi.

Ranar Kirsimeti baƙi suka cika gida. Suka zagayo baya da faranti a hannu.

"A'a! Rumbu a Ma'adi!"

"Mama, gero kuka noma ne ba labari?"

Wata mata 'yar Jos ta tsaya tana shafa zanar, ta ce rabonta da ganin irinta tun rasuwar kakarta. Mama ta ce, "Ku rage murya. Ayabar Baba ce take barci."

Daga nan sai jira. Jira ya fi wankin mota wuya. Kowace safiya in zura hannu cikin karan, in matsa jikin, in shinshina yatsuna. Mama tana taga.

"Yaya?"

"Da ƙarfi."

Iyakar hirarmu ke nan har Tuba ya wuce.

Amshir ya zo da haukarsa. Wata la'asar iska ta ɗauke jinkar ta jefa ta gidan su Ammu. Ya dawo mini da ita a ka, yana ɗingishi, yana zagina da kakannina. Ya riƙe kujera na hau na ɗaure da igiya huɗu. Bayan nan aka yi mako guda na zafi sosai, har mutane suka tuɓe rigunan sanyi. Oga Bitrus ya ce, "Sanyi ya wuce. Buɗe mu gani. In gawa muke gadi, mu sani."

"Ba yanzu ba, Oga."

"Wa ya ce?"

"Ammu."

"Mai gadi ne zai faɗa mini abin da zan yi a gidana?"

"Na ƙi jin sa sau ɗaya. Kun ga abin da ya faru."

Kwana huɗu bayan haka sanyi ya dawo, wanda ya fi na Tuba. Furannin gaban gida suka kwanta. Oga ya wuce ni da safe yana hura hannu. Da yamma ya kawo mini safa sabuwa.

Ranar da Ammu ya leƙo ya ce, "Baramhat, yalla," da hantsi ne. Mama ta sa aka fito mata da kujera. Oga ya fasa fita. Na sauke jinka, na kwance zana, na janye karan. Jikin yana tsaye, amma ya yi launin ƙasa, ya yanƙwane kamar tsohon itace. Ba a gane rai daga waje. Sai an yanka daga sama.

Na hau kujera, na yanke kamar faɗin yatsa uku. Baƙi. Na sake yankawa ƙasa kaɗan. Launin ruwan ƙasa, da laushi a tsakiya.

Oga ya ce, "Khalas."

Ban dube shi ba. Kowane yanka yana rage mata tsayi, na sani. Na sa wuƙa karo na uku. Ta shiga da ƙara, ƙaras, kamar cikin ɗanyen rake. Fari tas. Ruwa ya tsattsafo ya bi hannuna. A tsakiya ga ɗan zobe, kore-kore, a naɗe.

Mama ta ce, "Mene ne? Yi magana mana!"

"Ku ba ta zuwa la'asar."

Ba wanda ya ci abincin kirki ranar. Da na idar da sallar la'asar na zagaya, na tarar Mama ta riga ni. Ta hau kujerar da kanta, tsohuwa da ita, Oga yana riƙe da ƙafafun kujerar yana roƙonta ta sauko. Inda na yanka sumul da safe, tsakiyar ta turo sama kamar gaɓar yatsa. Sabon ganye ne yake fitowa. Mama ta taɓa shi da ɗan yatsa.

Ta ce, "Yohanna, kai da taurin kai."

Ammu daga kan katanga ya ce, "Yanzu ba ta ruwa, likita. Yanzu kiwon kifinka ya halatta."

Na ba ta ruwa, na ba ta taki. Nan kuma aikin da na iya ne, ba sai an koya mini ba. Ganye ya bi ganye. Da zafi ya tsananta ta sunkuyar da kai, ta fitar da jan fure, 'ya'ya suka jeru. Na tokare ta da sanda mai baki biyu. Nonon bai kai na gida girma ba, amma nono ne.

Lokaci ne bai jira ba. Aka fara ɗaure akwatuna 'ya'yan suna kore. Sun cika, amma ba su nuna ba. Saura kwana uku tafiya Mama ta ce, "Sare." Na sare, na kawo mata a kafaɗa. Ta ɓare da kanta, ta dafa da gishiri, ta zuba manja da yaji. Ta fito da faranti ɗaya, ta wuce ɗanta, ta ajiye a gabana.

"Baba ya ce sai ya ci. Rigarsa tana jikinka duk sanyin nan. Ci masa."

Na wanke hannu, na yi bisimilla. Da ɗan tauri, da ɗan bauri. Na cinye tas. Tana tsaye a kaina har na side farantin, sannan ta je ta zuba nata.

Sun tafi. Kafin su tafi Oga ya tsaya mini har na samu sabon fasfo, ya kuma gaya wa wanda ya gaje shi a gidan cewa da mai lambu gidan yake. Uwar ayabar ta gama aikinta, na sare ta, ta bar 'ya'ya huɗu a gindi. Ɗaya na ba Ammu Sayyid, ya dasa a bayan ɗakinsa. Yanzu in sanyi ya kusa, gidaje da dama a unguwar suna aikowa a kira musu mai rumbu. Ina zuwa da wuƙata da damin kacala. Abu na farko da nake yi a kowane gida, kafin in gaisa da kowa sosai, shi ne in nemi famfo in kashe.